Ranar da Bello Bai Waiwaya Ba

Kafin in cika shekara arba'in an zage ni da harsuna biyar. Direbobin manyan motoci sun zage ni da Larabci a hanyar Umdurman, 'yan sandan kan iyaka sun zage ni da Faransanci a bakin kogin Shari, kakata kuwa tun ina yaro take wanke ni da Barbarci a tsakar gidanmu na Gwale. Duk sun wuce ba su bar tabo ba. Zagin da ya hana ni sakat har na tsufa da Turanci aka yi shi, kuma ba ni aka zaga ba.

A shekarar da soja suka fara shirin miƙa mulki ga farar hula ne, wani kamfanin jima a Kano ya sayi sababbin injuna daga Ingila, aka ce a tura mutum biyu su yi wata shida a wata majema ta can su koyi aiki da su. An zaɓi Bello saboda hannunsa. Bafillatanin Gwammaja ne, a cikin fatu da ƙiraga ya tashi a Ƙofar Wambai, in ya shafa fata ido rufe zai gaya maka da rani aka yanka akuyar ko da damina. Ni kuma saboda bakina aka zaɓe ni, don Bello ba ya jin Turanci ko na roƙon ruwa. Na girme shi da shekara goma sha biyu. Mahaifiyarsa, Inna, shi kaɗai Allah ya bar mata cikin 'ya'ya maza. Ta aika aka kira ni, ta ce ta ba ni amanarsa, in kai shi in dawo mata da shi. Na ce to, irin ton da mutum kan faɗa kafin ya ɗaga kaya ya ji nauyinsu.

Zangonmu na farko mai wuya shi ne babbar tashar jirgin ƙasa ta Landan. Ana yayyafi, sanyi na shiga ta ƙasan riga. Na bar Bello da akwatunanmu na tafi neman inda ake yankar tikiti. Ashe ina bayar da baya wani Bature ya matso, sanye da kwat mai kyau, takalmi na ƙyalli. Na hango shi daga nesa yana rusuna wa Bello, har na ji daɗi. Da na dawo ya gaishe ni da Turanci mai laushi irin na littafi, kowace jimla da ranka ya daɗe a gindinta, ya ce jirginmu ya canza layi, mu yi sauri, shi zai riƙe mana akwati ɗaya. Muka bi shi cikin cunkoso. Kafin mu kai ƙarshen dakalin ya ɓace, shi da akwatin Bello. A ciki akwai bargonsa, da kuka da daddawa da yajin da Inna ta ɗaure masa da hannunta.

Muna tsaye kamar an dasa mu sai ga wani ɗan dako, gajere, haƙoransa duk taba ta cinye. Na gaya masa abin da ya faru. Mutumin nan ya buɗe baki, ban taɓa jin ruwan ashar irin wannan ba. Ya zagi ɓarawon, ya zagi tashar, ya zagi 'yan sandan da ba sa nan, ya haɗa da ruwan sama. Yana zagin yana jan mu zuwa wani ɗan ɗaki, ya zuba mana shayi mai zafi, ya kwance mayafin wuyansa ya naɗa wa Bello.

Bello ya matso kusa da kunnena. "Babarbare, me muka yi wa wannan yake ta balbale mu?"

"Ba mu yake zagi ba."

"To wa?"

"Duniya."

"Ikon Allah. Wanda ya gaishe mu ya sace mu, wanda ke kumfar baki ya ba mu shayi. Anya ba a juye garin nan yake ba?"

Haka muke da shi. Ni Babarbare, shi Bafillatani, akwai wasa tsakaninmu tun kaka da kakanni. Ba ya kirana Malam Bukar sai a gaban baƙi. In mu biyu ne, ni bawan gidansu ne da aka saya da ƙwaryar nono, shi kuma ɗan daji ne da muka koya wa sa wando.

Garin da majemar take yana tsakiyar ƙasar, gari ne na fata da takalma, warinsa ma ya so ya yi kama da na unguwar majema a gida. Aka sauke mu a gidan wata tsohuwa, Misis Kolin, wadda mijinta ya mutu a yaƙi. Da ta ji labarin akwatin sai ta hau bene ta sauko da bargon mijin da rigar sanyinsa ta miƙa wa Bello. Ta keɓe mana tukunya ɗaya da ba ta taɓa ganin alade ba. Ita ban taɓa jin ashar a bakinta ba. In butar shayi ta ƙona ta sai ta ce "sukari" da Turanci, don kalmar ta fara da sauti ɗaya da wata kalmar ƙazanta da ba ta son faɗa. Bello ya ce ai gara ta Bahaushiya, ita salati take yi.

Duk da kirkinta, makonnin farko sun yi mana tsawo. Ba kiran salla, ba sallama a ƙofa, ba mai tambayarka ya gida. Bello kan tsaya a taga bayan la'asar ya ce yanzu ana kwashe kaya a Wambai, yanzu mai fura ta iso bakin masallaci. Ya rame. Abinci ba yaji, dankali yau, dankali gobe.

A majemar aka haɗa mu da foman, wato shugaban aikin, sunansa Firanki. Ƙato ne, jan wuya, ya yi aikin soja a ƙuruciyarsa. Idan na ce yana zagi ban faɗi komai ba. Zagi shi ne numfashinsa. Akwai wata kalma mai harafi huɗu wadda asalinta abin da ke tsakanin miji da mata ne a shimfiɗa, ba zan rubuta ta ba. Firanki yana sa ta a gaban guduma, a gaban Litinin, a gaban shayin da ya huce, har a tsakiyar wata kalmar yakan tsaga ya cusa ta. Akwai wadda ke nufin shege, akwai ta bayan gida. Guda ɗaya ce na riga na sani tun daga gida, wato buladi, don duk wanda ya zauna ƙarƙashin soja a ƙasarmu ya sha jin buladi sibiliyan a shingen hanya. Asalinta jini ne, kuma a can ita ce mafi sauƙi, har tsofaffi na faɗa.

Na daɗe ina lura da cewa kowace al'umma daga inda take jin kunya ko tsoro take ɗebo zaginta. Mu uwa muke taɓawa, shi ya sa daƙuwa ɗaya kan jawo a zub da jini a kasuwa. Larabawan da na zauna da su uba suke bi, su tsine wa gida, wani in ya haukace har addini ya taɓa. Mutanen Ingila shimfiɗa da bayan gida suke bi, sai ɗan abin da ya rage musu na coci, wuta da hallaka. Amma abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda suka yi ta amfani da kalmomin har suka lashe, kamar tsohon kwabo da hoton kansa ya goge. Ranar da matar wani ma'aikaci ta haifi tagwaye, Firanki ya rungume shi yana kiransa shege mai sa'a, mutumin yana ta washe baki. In manaja ya shigo, ko wata daga cikin matan ofis, sai ka ji bakin kowa ya tsarkaka kamar an yi masa alwala. Ashe sun san zagi ne. Sun dai ware masa wuri da mutane.

Sun kuma san wanda ya wuce gona da iri. Wata rana a ɗakin cin abinci wani ma'aikaci ya wuce ta bayanmu ya faɗi wata gajeriyar kalma a hankali, wadda ake jifan baƙar fata da ita. Ba ihu, ba ashar a tare da ita. Firanki na jin haka ya tashi ya shaƙe wuyan rigarsa, ya manna shi da bango, ya sauke masa duk abin da ke bakinsa. Da azumi ya zo, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, shi ne ya janye Bello daga ɗaukar jiƙaƙƙun ƙiraga ya mai da shi teburin tantance fata, yana yi yana zagin duk wanda ya ƙirƙiro bazara.

Aikina shi ne in tsaya tsakaninsu. Firanki ya yi magana, in tace, in miƙa wa Bello tsabar. In ya ce wa Bello shege kaza kaza ɗauko wancan, ni sai in ce, "Ya ce don Allah ka miƙo wancan." Haka na saba tun ina tafinta wa fatake: ba a kai wa mutum magana da ƙayarta. Wata biyu muna haka lafiya.

Bello ba yaro ba ne. Wata ranar Asabar muna wanki a bayan gidan Misis Kolin ya ajiye sabulu ya dube ni.

"Kai bawan gidanmu, ina da tambaya. Maganar mutumin nan kamu goma ce, taka fassarar taƙi ɗaya. Ina kake kai sauran yadin?"

"Sauran ba shi da amfani."

"A ba ni in gani, ni zan san ko yana da amfani. Akwai wata kalma da kullum sai ya haɗa da ni in zai kira ni." Ya kwaikwayi kalmar, ya kuwa faɗe ta daidai. "Mece ce?"

Na yi ta kewaye-kewaye. Ya ce, "Malam Bukar, na haɗa ka da Allah."

Tunda ya kira sunana na san wasa ya ƙare. Na gaya masa. Na gaya masa ta shegen, na gaya masa ɗayar ma, iyakar yadda bakina zai iya ɗauka.

Ya ɗauraye hannunsa ya ce, "Wata biyu ana sheganta ni a gaban jama'a, ina cewa yes sa. Kai kuma kana tsaye."

"Bello, ba haka suke nufi ba. Kamar wasanmu ne ni da kai. Ba jiya ka ce da ƙwaryar nono aka saye ni ba?"

"Wasanmu kakanni suka ƙulla shi. Shi wa ya ƙulla mana da shi? Kuma tunda muke, ka taɓa jin na taɓa Ya Falmata?" Sunan mahaifiyata ke nan. "Inna tana Gwammaja tana jan carbi, wani ƙato a nan yana cewa ba ta san uban ɗanta ba. Ka nema mini jirgi. Gida za ni."

Na san in ya koma a wata na biyu, ba takarda, ba sanin inji, aikinsa ya tafi, kuma duk Wambai za a ce an kai Bello Turai ya kasa. Na kuma san nawa sunan zai ɓaci. Ina da hanya mai sauƙi a gabana: in je in sami Firanki in ce masa, wannan kalma a wurinmu ta fi mari, ka daina. Mutumin da ya shaƙe ɗan'uwansa saboda mu da ya ji. Amma na ji nauyin in je ina koya wa foman magana a cikin majemarsa, ni baƙo. Sai na ɗauko dabarar gida, wadda kowane dattijo a cikin birni ya sani.

Na ce, "Ba inda za ka. Kai ɗan mutunci ne, ka yi abin da 'yan mutunci ke yi. In ya kira ka da zagi, kada ka waiwaya. Kada ka ɗaga kai, kada ka nuna ka ji. Ka ci gaba da aikinka kamar da bango yake magana. Ranar da ya kira sunan da aka raɗa maka, ka amsa da ladabi."

Ya ɗauki sabulunsa ya ce, "Ashe Barebari ma kan yi hankali in sun tsufa."

Na zaunar da shi na koya masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, guda huɗu, har ya iya tsinto su ko cikin ƙarar inji. Su ne Turancin da Bello ya fi ƙwarewa a kai duk zamansa a Ingila.

Ranar Litinin Firanki ya ƙwala masa kira yadda ya saba. Bello ko gezau. Ya sake, da ƙari. Bello na ta shafa fata yana jerawa, wuyansa a miƙe kamar na raƙumi. Firanki ya juyo gare ni ya ce abokinka ya kurumce ne? Na ce a'a, sunansa Bello. Ya dube ni, ya dubi bayan Bello, wuyan nan ya ƙara ja. Can sai ya cire hularsa ya rusuna har ƙasa, ya ce, "Mista Bello, in ba damuwa." Bello ya juyo da fara'a ya ce, "Yes sa." Majema ta kwashe da dariya, har da tafi.

Kafin mako ya ƙare abin ya zauna. In Firanki ya manta ya haɗa da zagi, sai ya ga ƙeya, sai ya yi tsaki ya gyara. Na yi ta jin daɗin kaina. Abin da ban kula da shi ba a lokacin, sai daga baya, shi ne Firanki ya daina dafa kafaɗar Bello, ya daina miƙo masa alewa daga aljihu. A wurinsu wanda ake zagi shi ne na gida. Wanda ake ce wa Mista baƙo ne, ko wanda ake jin haushi.

Muna cikin wata na biyar ne aka rantsar da farar hula a gida. Muka ji a rediyon Misis Kolin muna karyawa. Bello ya buga tebur har cokula suka yi tsalle.

"Shi ke nan, buladi sibiliyan sun hau! Babarbare, ka ga mu ma mun yi namu a nan. Mun koya wa tsohon soja yadda ake magana da farar hula."

Ya ce in mun koma zai sayi rediyo irin wannan ya ajiye wa Inna, ta riƙa jin 'yan majalisa suna faɗa da baki maimakon bindiga. Saura mana mako biyar.

A rufin majemar akwai wani dogon ƙarfe da ƙugiya ke tafiya a kansa, tana ɗaukar ɗaurin jiƙaƙƙun ƙiraga daga wurin gishiri zuwa manyan gangunan da ke juya su. Ɗauri ɗaya ya fi nauyin bijimai uku. Ranar Laraba ce da hantsi. Bello na tsaye a teburinsa, ya ba hanyar ƙugiyar baya. Ni ina can gefe wajen ganguna ina rubuta awon magani, tsakaninmu kamar taku ashirin. Firanki na kan matakala, shi ya fara ganin sarƙar tana buɗewa.

Ya yi ihu da duk ƙarfinsa. Abin da ya ce, in an tace, shi ne kauce daga nan. Amma mutumin Ingila in tsoro ya kama shi ba ya tacewa. Kalmomin nan huɗu da na koya wa Bello, uku suna cikin ihun, kuma da ɗaya ya fara. Sunan Bello ba ya ciki.

Bello ya ji. Wannan ba na shakka, don ina kallon bayansa. Na ga kafaɗunsa sun ɗaga kaɗan, na ga wuyansa ya miƙe yadda ya saba, har ya ƙara sunkuyar da kai kan fatar da ke hannunsa. Akwai lokacin da zai yi taku uku, kuma biyu sun isa. Firanki ya sake ihu, zagin ya ƙaru.

Ni ma na ji, na kuma fahimta. Amma wata biyar kaina ya saba da aiki ɗaya in Firanki ya buɗe baki: ya tsaya, ya zubar da ƙazantar, ya nemo abin da ya rage, ya juya shi Hausa. Sai da kaina ya gama wannan aikin sannan bakina ya buɗe. Na ce "Bello!" Ya fara juyowa, don an kira sunansa. Fuskarsa ta zo rabi.

Ba zan faɗi abin da na gani ba bayan an ɗage ƙiragan. Firanki ne ya riga kowa isa. Ya zauna a cikin ruwan gishiri ya ɗora kan Bello a cinyarsa, yana share masa fuska da hularsa, yana maimaita kalmar nan mai harafi huɗu a hankali, a hankali, hawaye na zuba. Ni ina gefe ina laƙƙana wa Bello kalmar shahada, muryoyinmu na haɗuwa. Na so in ce wa Firanki ya yi shiru. Da na dubi fuskarsa sai na gane ba shi da wata kalmar ne. Inda mu muke da innalillahi, shi abin da ya rage masa ke nan. Kafin motar asibiti ta iso Bello ya cika.

Wasu Musulmi 'yan Pakistan da ke da ɗan masallaci a bayan kasuwar garin su suka yi masa wanka da sutura, ba su san shi ba, ba su san ni ba. Aka binne shi a wani yanki da aka ware wa Musulmi a maƙabartar garin, ƙasar baƙa, jiƙe sharkaf. Misis Kolin ta tsaya daga bakin ƙofa da lema. Masu bincike suka zo suka ce sarƙar ta tsufa, aka rubuta, aka rufe.

Bayan an watse Firanki ya same ni a bakin maƙabartar. Ya sa baƙar kwat da ta yi masa kaɗan. Tunda na san shi ban taɓa jin ya yi jimla uku ba ashar ba sai ran nan.

"Ya ji ni," ya ce. "Na ga ya ji ni. Me ya sa bai motsa ba?"

Ga dama ta zo in faɗi gaskiya. Na ce, "Ka san ba ya jin Turanci."

Ya girgiza kai. "Ina ma da sunansa na kira. Ya koya mini, ya yi ta koya mini. Da na ce Mista Bello, da yana nan."

Na bar shi ya tafi da wannan. Na ga bayansa yana tafiya a kan titin, ƙato, kafaɗu a zube, ban kira shi ba. Ban sake ganinsa ba, ban san ko ya sauke kayan kafin ya mutu ba.

Na dawo Kano ni kaɗai. Gari ya canza, bangaye duk hotunan 'yan takara da ruwa ya fara ci, a kowane shago ana gardamar siyasa da murya sama, ba mai waige-waige. Labari ya riga ni isowa ta waya, an yi zaman makoki an tashi. Na kwana biyu a Gwale ina neman ƙafar da zan taka zuwa Gwammaja. Rana ta uku na tafi da hantsi.

Aka yi mini iso. Inna na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ƙanƙance. Na durƙusa daga nesa na yi gaisuwa, na ajiye 'yar jakar da ke ɗauke da hularsa da carbinsa. Ta amsa, ta tambayi hanya, ta tambayi iyalina, ta sa aka kawo mini ruwa. Ta tambaya ko an yi masa salla, na ce an yi, sahu uku. Ta tambaya ko an fuskantar da shi gabas, na ce da hannuna.

Sannan ta ce, "Bukar, an ce kaya ne suka faɗo masa. Ba wanda ya gani ya yi masa magana?"

"An yi, Inna. Shugaban aikin ya yi masa ihu ya kauce."

"Bai ji ba?"

"Ya ji."

"To me ya tsayar da shi? Bello ba nawa gare shi ba."

Tun daga jirgi na shirya amsa, irin wadda na ba Firanki. Amma na ji ba zan iya tace wa matar nan magana ba. Na sunkuyar da kai na gaya mata duka. Na gaya mata irin bakin mutanen can, da kalmar da aka riƙa kiransa da ita, da yadda ya so ya taho gida saboda ita na hana shi. Na gaya mata dabarar da na koya masa, da cewa mutumin da ya yi ihun ceton ransa yake nema, zagin tsoro ne kawai. Na ce, "Inna, ni na ce kada ya waiwaya. Kin ba ni amana, ni na tsayar da shi a wurin."

Na jira. Na san abin da uwa ke iya faɗa, kuma na zo da niyyar ɗauka.

Ta daɗe tana murza bakin tabarma da yatsa. Can ta ce, "Wato da aka haɗa kiran da sunana a ƙazance, bai juya ba."

"Bai juya ba, Inna."

"Ko sau ɗaya?"

"Tun ranar da ya san ma'anarta, ko sau ɗaya."

Ta gyara mayafinta, ta ɗago ta dube ni, idanunta a bushe.

"To alhamdu lillahi. Kwana ne ya ƙare, ba kai ba. Ni dai na san abin da na haifa. Allah ya yi maka albarka, Bukar, da ba ka bar ɗana ya amsa wannan suna a ƙasar mutane ba."

Na buɗe baki in ce mata ba ta gane ba, mutumin ba ita yake nufi ba, kalmar ba ta da nauyin da muka ɗora mata. Sai na ga abin da ta riƙe ke nan take tsaye, in na zare shi ba ta da wani. Na ce amin.

Ta rayu shekara tara bayan haka. Duk sallar layya sai ta aiko mini da cinyar rago har Gwale, ɗan aiken ya tsaya a zaure ya ce Inna ta ce a gaishe da mutumin kirki. Ni nake fita in karɓa da hannu biyu.